Ruwan Jidda ne ya sa ni ƙiba, ko in koma gida?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Katsina ce, shekarata 31, ina aure a Jidda inda maigidana yake aiki. Shekara huɗu ke nan da zuwana. Lokacin da na zo nauyina kilo 61 ne, yanzu sikeli 84 yake nunawa, tsawona kuma mita 1.60. Haihuwa ɗaya na yi a nan, har na yaye. Watan jiya likita ta auna jinina ta ce sugana yana bakin iyaka, in ban kula ba zai zama ciwo. Gwiwoyina sun fara damuna in zan tashi daga sujada. Duk muka yi waya ta bidiyo da mahaifiyata sai ta ce masha Allah na samu wuri, kada in kuskura in rage, mutane za su ce wahala nake sha. Maigida kuma sai zolaya, wai na zama Balarabiya. Maƙwabciyata ta ce ruwan garin ne, tunda na teku ake tacewa. Wata ta ce sanyin esi ne, har ta kawo mini wani shayi wai yana narka kitse. Na ga wani jadawali da ya jera ƙasashen duniya, na Larabawa suna sama, namu suna ƙasa. Shin ƙasa ce take sa mutum ƙiba? In roƙi maigida ya bar ni in je gida wata shida ko na ɗan faɗa?

Baiwar Allah, daga Jidda

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki ajiye maganar tikiti tukuna, ki kuma wanke ruwan Jidda daga zargi. Ruwa, na rijiya ne ko na teku da aka tace, ba ya ɗauke da abin da jiki zai mayar kitse. Da za ki yini kina kwankwaɗarsa, fitsari kawai zai dame ki. Sanyin esi ma haka. Laifin esi ɗaya ne, yana sa zaman ɗaki ya yi daɗi har mutum ya manta yana da ƙafafu.

Amma zargin da kike yi wa ƙasar ba a banza yake ba, kuma jadawalin nan da kika gani bai yi ƙarya ba. Bari mu fara da ke, sannan mu zaga duniya mu dawo.

Likitoci suna da wani lissafi da suke kira BMI. A ɗauki tsawon mutum a mita a ninka shi da kansa, sannan a raba nauyinsa da abin da ya fito. Naki 1.60 sau 1.60 ya ba da 2.56. Ranar da kika sauka, 61 a raba da 2.56 ya ba da kusan 24, wato lafiya lau. Yau 84 a raba da 2.56 ya kusa 33. Daga 25 ake cewa nauyi ya fara wuce ƙima, daga 30 kuma ake kiransa ƙibar da ta zama matsalar lafiya. Da wannan layi na 30 ake jera ƙasashe a irin jadawalin da kika gani. Lissafin yana da aibi, domin bai san bambancin tsoka da kitse ba, ɗan dambe mai murɗaɗɗen jiki ma sai ya ce masa mai ƙiba. Sai dai ke ga suga ya fara magana, ga gwiwa tana tayawa, don haka ba sai mun tsaya musu da sikeli ba.

A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022, kashi 16 cikin 100 na baligan duniya sun haye layin nan, mutum miliyan 890 ke nan, kuma kason ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. In an haɗa da yara da matasa, adadin ya wuce biliyan ɗaya. Abin mamakin shi ne yadda rabon bai zo daidai ba ko kusa. A Biyetnam da ƙyar a samu mutum biyu ko uku cikin ɗari. Jafan tana wajen huɗu zuwa biyar. Ingila ta wuce mutum ɗaya cikin huɗu. Amurka tana wajen kashi 40. Kuwait da Ƙatar da Masar suna tare da Amurka a wannan sahu, Saudiyyar da kike zaune kuma a ƙiyasin hukumar ta wuce mutum ɗaya cikin uku. Waɗanda ke can ƙololuwa kuwa ƙasashe ne da da yawanmu ba mu taɓa jin sunansu ba, ƙananan tsibirai a tekun Pasifik irin su Tonga, Samowa da Nauru, inda a wasunsu fiye da kashi 60 na manya ke ɗauke da ƙiba.

Labarin Nauru ya cancanci a tsaya a kansa, don ya yi kama da naki fiye da yadda kike zato. Tsibiri ne ɗan mitsitsi, faɗinsa murabba'in kilomita 21, mutanensa ba su fi dubu goma sha 'yan kai ba. Kakanninsu masunta ne, abincinsu kifi da kwakwa da 'ya'yan itace, kuma duk abin da za su ci sai sun yi gumi a kansa. Sai aka gano ƙasarsu cike take da sinadarin fosfet da ake yin takin zamani da shi. Bayan sun samu 'yancin kai a 1968 kuɗin haƙar ya dawo hannunsu, har a shekarun 1970 aka riƙa lissafa su cikin mafiya arzikin duniya in aka raba kuɗin ƙasa da yawan jama'a. Haƙar ta cinye mafi yawan ƙasar noma. Kamun kifi ya zama abin wanda ya ga dama. Jirage suka riƙa sauke farar shinkafa, naman gwangwani, fulawa da lemon kwalba, kowa ya sayi mota a tsibirin da za a iya zagaye shi da ƙafa cikin 'yan awanni. Kafin ƙarshen shekarun 1970, binciken da aka yi ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manyansu yana da ciwon suga. Ruwan tekun da ya kewaye su bai canza ba, jininsu bai canza ba. Yinin mutum ne ya canza, daga abin da yake ci zuwa abin da yake yi da jikinsa tsakanin asuba da isha.

Maƙwabtansu na Samowa har doka suka yi a 2007 ta hana shigo da bindin talotalo, wani yanki mai kitse zalla da manyan ƙasashe ba sa ci sai su turo wa talakawan tsibirai a farashi mai arha. Da suka shiga Hukumar Cinikayya ta Duniya aka ce dokar ta saɓa wa ƙa'idar ciniki, a 2013 suka janye ta. Na kawo wannan ne don ki ga cewa abin da ke cikin kwanon mutum ba kullum shi kaɗai ya zaɓa ba. Abin da ya fi arha, ya fi kusa, ya fi saurin dahuwa, shi ke cin zaɓe a yawancin gidaje.

Gado yana da nasa hannu, ban musa ba. A 2016 masu bincike sun gano wata ƙwayar halitta da ta yawaita a jinin Samowawa wadda ke ƙara wa mai ita nauyi. Mu ma a gida mun san dangin da ko iska suka sha sai ta zauna musu, da dangin da za su cinye akushi guda su tashi kamar sillen kara. To amma wannan ƙwaya tana jikin Samowawa tun kafin jirgin farko ya kawo musu naman gwangwani, kuma a lokacin ƙibar ba ta kai haka ba.

Misalin da ya fi kusa da mu daga Ghana yake. An yi wani bincike da aka wallafa a 2016, aka auna 'yan Ghana mazauna ƙauyukan ƙasarsu, da mazauna biranenta, da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amsterdam, Balin da Landan. Mutane iri ɗaya, 'yan asalin ƙasa ɗaya. A cikin matan ƙauye kusan kashi 8 ne ke da ƙiba. A biranen Ghana, kusan kashi 34. A Landan, sama da kashi 54. Maza kuma daga kashi 1 da ɗoriya a ƙauye zuwa sama da 21 a Landan. Ki sake duba tsallen farko, daga 8 zuwa 34. Wannan tsalle ba a buƙatar biza kafin a yi shi, motar haya daga ƙauye zuwa Kumasi ta isa. Shi ya sa ban yarda komawa gida magani ba ne, zan dawo kan wannan.

Kada kuma ki ɗauka arziki ne kawai. Jafan ƙasa ce mai kuɗi, Amurka ma haka, amma tsakaninsu ninki kusan goma ne. Bajafane shinkafa yake ci kullum, wani sau uku a rana. Sai dai a ɗan ƙaramin kwano yake cin ta, gefe ga kifi, ga ganye, ga miyar waken suya, shayinsa kuma ba suga. Zuwa aiki sai ya taka zuwa tashar jirgin ƙasa, ya hau matakala, ya sauka, ya sake takawa. Yaran firamare da ƙafa suke zuwa makaranta, a can a ba su abincin rana da masana abinci suka tsara. Tun 2008 ma doka ta sa ake auna ƙugun duk mai shekara 40 zuwa 74 a gwajin lafiya na shekara, namiji in ya kai santimita 85, mace in ta kai 90, sai a duba sauran alamu a tura mutum wajen masu ba da shawara. A yawancin biranen Amurka kuwa an gina gari ne don mota, ko burodi za ka saya sai ka tada inji, kofin lemo kuma ya kusa girman tulun yara. Jidda, ki gafarce ni, ta fi kama da Amurka a wannan fanni, ga kuma zafi da laimar teku da ke korar mutum cikin ɗaki rabin shekara.

Akwai wani abu da jadawalin ƙasashe ke ɓoyewa in an haɗa maza da mata a lamba ɗaya. A Afirka da ƙasashen Larabawa nauyin a kanmu mata ya fi sauka. A Masar fiye da rabin mata baligai ke da ƙiba. A Afirka ta Kudu binciken 2016 ya samu kashi 41 na mata, maza kuwa kashi 11 kacal. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: ciki da jego, zaman gida, rashin wurin da mace za ta taka ba tare da an bi ta da ido ba, sai kuma yabo. A Muritaniya har yau akwai gidajen da ake ɗura wa yarinya madarar raƙumi da gero don ta cika kafin aure. Mu ba mu kai nan ba, amma wace amarya ce a Kano ko Katsina ba a ce mata ta ɗan ciko kafin biki ba? Har 'yan mata na sayen ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe, waɗanda wasunsu maganin kumburi ne mai ƙarfi da ke tada suga da hawan jini ya kuma raunana ƙashi. Wani lokaci mai sayar da sha ka fashe ita ce dai mai sayar da shayin rage tumbi, a jaka ɗaya.

Hukumomin Saudiyya da kansu sun san halin da ake ciki. A 2017 suka ɗora harajin kashi 50 a kan lemon kwalba da kashi 100 a kan lemon ƙara kuzari, a shekarar ne kuma aka amince da darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati, aka fara ba da lasisin wuraren motsa jiki na mata. Daga 2019 aka wajabta wa gidajen abinci rubuta adadin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, a gefen kowane abinci. In kin shiga gidan abinci ki duba, lambar tana nan kusa da farashi, mutane ne ba sa karantawa. Meziko ta riga su da harajin lemo a 2014, Ingila da Afirka ta Kudu a 2018, Najeriya ma ta sa naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021, kodayake naira goma a yau ko alewa ba ta saye.

Zancen namu da ke ƙasan jadawali kuma, kada ya ruɗe ki. Nijar da Habasha suna can ƙasa, amma wani ɓangare na wannan rama ta rashi ce, ba abin alfahari ba. Kuma ko a Najeriya binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 28 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, birni ya fi ƙauye nesa ba kusa ba. A gida ɗaya za ki tarar da yaro mai tamowa da kakarsa mai ciwon suga. Ki leƙa layin masu suga da hawan jini a kowane babban asibitinmu ranar da likitansu ke zama, za ki ga benci bai isa ba.

To, mu dawo ɗakinki. Ki ɗauki takarda ki rubuta yininki na Katsina kafin aure, da yininki na Jidda, gefe da gefe. Ban san gidanku ba, amma na san irin gidajenmu. Shara tsakar gida a duƙe. Wanki da hannu, a matse, a shanya. Jan ruwa ko ɗaukar bokiti in famfo ya ɗauke. Jajjage a turmi, tuƙin tuwon mutum goma sha biyar da muciya, wanda duk wadda ta taɓa yi ta san yana fitar da gumi har gadon baya. Tafiya Islamiyya, gidan suna, dubiya, gaisuwar mutuwa, rabi a ƙafa. Babu wanda ya kira wannan motsa jiki, amma shi ne. A Jidda fa? Injin wanki, injin markaɗe, lifta, mota daga ƙofa zuwa ƙofa, girkin mutum uku. Maigida ya dawo sha ɗayan dare riƙe da leda, soyayyar kaza da dankali da miyar tafarnuwa, ko tiren kabsa, dafa-dukan shinkafa da nama ta Larabawa, da ko mutum biyar ba za su ga bayansa ba, ga gwangwanin lemo mai sanyi. A ci, a kalli waya, a kwanta ƙarfe biyu. Bayan asuba a koma har azahar ta kusa. In na yi kuskure ki gyara mini, amma da wuya in yi nisa da gaskiya.

Kilo 23 a shekara huɗu ya yi kama da abu mai yawa. Ki raba shi da wata 48, bai kai rabin kilo a wata ba. Ba ki taɓa zama kin yi wani cin hauka ba, ɗan ragi ne ke taruwa kullum kamar adashi. Wannan labari ne mai daɗi, domin abin da ya taru da kaɗan-kaɗan, da kaɗan-kaɗan yake tafiya.

Kuma ba sai kin koma 61 ba kafin ki tsira daga suga. An yi wani babban gwaji a Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2002, a kan mutum sama da 3,000 masu irin sugan nan naki na bakin iyaka. Waɗanda aka sa su rage kusan kashi 7 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58, har sun fi waɗanda aka ba ƙwayar magani. Kashi 7 na 84 bai kai kilo 6 ba. Abin da nake nema a wajenki ke nan a wata shida masu zuwa: daga 84 zuwa 78. Sauran ma yi maganarsa in mun je.

Abu na farko da za ki taɓa shi ne abin sha, don nan ne riba ta fi yawa da ƙaramar wahala. Gwangwanin lemo ɗaya na milimita 330 yana ɗauke da suga wajen giram 35, kusan ƙaramin cokali tara. Ki ɗauko kofi ki zuba cokali tara ki kalle shi, ki ga ko za ki iya miƙa wa ɗanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce wajen cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Lemon kwali da ake ce wa na 'ya'yan itace bai fi shi tsarki ba. Shayin madara mai kauri da ake sha sau uku a rana, shi ma ki lissafa. Ki koma ruwa, laban, wato nonon Larabawa, marar suga, gahawa, zoɓo da kanumfari da citta ba tare da an ɗura masa suga ba. Dabino albarka ne, uku sun isa, ba rabin kwali ba.

Na biyu, tire. Cin abinci a babban tire ɗaya sunna ce mai kyau ta haɗa kan iyali, amma hannu ba ya sanin iyaka a cikinsa. Ki zuba naki a faranti madaidaici: rabi ganye ko salak, kwata nama ko kifi ko wake, kwata shinkafa ko tuwo. In kin gama kin gama. Kina bakin Bahar Maliya, kifi ba ya wuya, ki gasa maimakon soyawa. Ful, wato dafaffen waken da ake sayarwa da safe, abinci ne mai riƙe ciki, ki rage man da ake malala masa, ki ci da rabin gurasa. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, zogale, duk ana samunsu wajen 'yan'uwanmu mazauna can, kuma miyar kuka ba ta taɓa sa kowa teɓa ba sai in an yi mata ambaliyar man shanu. Ki matso da abincin dare kusa da magariba. In maigida sai sha ɗaya yake dawowa, ki zauna tare da shi ki sha shayi marar suga kuna hira, ba dole sai kin sake cin abinci na huɗu ba. Hadisin kashi uku kin san shi tun kina Islamiyya, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi.

Na uku, ƙafa. Minti 30, kwana biyar a mako. Jidda tana da hanyar masu tafiya a bakin teku, bayan isha iska na kaɗawa, mata da abayarsu suna tafiya ba mai kallon kowa. In zafi ya hana, manyan kantunan nan masu sanyi suna da dogayen baranda, ki zaga sau uku ba tare da kin buɗe jaka ba. In fita ta gagara, matakalar benenku tana nan, ki fara da hawa ɗaya, a hankali saboda gwiwa. Ko tafiyar minti goma a cikin falo bayan kowane cin abinci tana taimaka wa suga ya sauka. Kada ki ce ba za ki iya ba. Duk ranar da kuka je Umra, tsakanin Safa da Marwa kaɗai kina taka kusan kilomita uku, ban da ɗawafi, kuma ba ki taɓa cewa a kawo miki keke ba.

Ki nemi tef ɗin awo irin na tela, ki auna cikinki daidai saitin cibiya ko sama da ita kaɗan, da safe kafin ki ci komai. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce kada ƙugu ya wuce rabin tsawo, naki ke nan santimita 80. Kitsen ciki shi ne mai jawo suga, ya fi na cinya da mazaunai haɗari. Sau da yawa tef yana fara nuna canji kafin sikeli, don haka ki auna sau ɗaya a mako ki rubuta, kada ki mayar da hawa sikeli wuridi.

Shayin maƙwabciya ki karɓa ki yi godiya, kada ki sha. Yawancin irinsu filasko ne a ciki ko abin sa fitsari. Za ki yi ta zarya banɗaki, sikeli ya sauka kilo biyu, ki sha ruwa ya dawo. An sha kama wasu kayan rage ƙiba da aka ce na ganye ne zalla, ashe an cusa musu wani magani da aka janye daga kasuwa tun 2010 saboda yana taɓa zuciya. Alluran zamani irin su Ozempic da Mounjaro kuwa magunguna ne na gaske, suna aiki, amma likita ke yanke wa ya dace da su, ba a yin su da ciki ko ana neman ciki, kuma yawanci in an daina nauyin yana dawowa. In kin koma wajen likitarki ki gaya mata duk maganin da kike sha, har da na tazarar haihuwa in akwai, domin allurar wata uku tana ƙara wa wasu mata nauyi. Ki roƙa a duba miki hawan jini da maƙoƙo. In kuma kuna shirin ƙanin yaronku, ki faɗa mata tun yanzu, don an fi son suga ya daidaita kafin ciki ya shiga.

Hajiya kuma, kada ki yi musu da ita. Ta taso a zamanin da ramar matar aure ke nufin kishiya ta fi ƙarfinta ko rumbun miji ya ƙare. 'Yarta tana wata ƙasa, ba ta iya leƙa tukunyarki, kumatunki a waya su ne kaɗai shaidar da take da ita cewa ana riƙe ki da kyau. In kika ce mata kina son ki rage ƙiba, abin da za ta ji shi ne kwalliya da yayin zamani. Ki ce mata: Hajiya, likita ta ce suga yana neman kama ni, ta ce in rage kilo shida, ki sa ni a addu'a. Babu uwar da ba ta san wata da suga ya ci wa ƙafa ko ido ba. Ina kyautata zaton ita za ta koma tambayarki ko kin yi tafiyarki yau, har ta aiko miki da garin zogale. Sannan ki riƙa nuna mata shaidar jin daɗi ta wata hanya, ki kira ta kuna bakin teku da jikanta yana guje-guje.

Maigida ma ki same shi lokacin da yake cikin nishaɗi, ki nuna masa takardar gwajin. Zolayar Balarabiya ta isa haka, ki gaya masa a hankali cewa tana sosa miki rai. Ledar dare shi ke shigo da ita, makullin mota a hannunsa yake, don haka rabin maganin yana aljihunsa. In ya shekara fiye da huɗu a can yana cin abin da kike ci, zan yi mamaki in wandunan da ya zo da su suna shigarsa, ki lallaɓa shi ya auna nasa sugan. Ki tuna masa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya yi dariya ya ce wannan ramuwar waccan ce. Fita da iyali a taka ƙasa ba baƙon abu ba ne a addininmu.

Zuwa gida, ki je don zumunci, Hajiya ta ga jikanta. Amma ki san abin da ke jiranki: 'yar Saudiyya ta zo, wa zai bar ki ki taɓa tsintsiya? Wannan gida a kawo waina da miyar taushe, wancan a kawo dambun nama da lemo, goggo ta dama fura da nono da suga don ke kaɗai, kuma ƙin ci raini ne. Na ga waɗanda suka je hutun wata biyu suka dawo da ƙarin kilo uku. Ko da kin faɗa a can, falon nan da lifta da ledar dare suna nan suna jiran dawowarki. Ki fara a inda kike. Bayan wata uku ki koma a sake auna sugan, ki rubuto mini lamba uku: ta suga, ta tef, da ta sikeli. Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya yaro.